Karen da Ya Gama Aiki

A wata unguwa da ke bayan Samaru, a Zariya, akwai wani kwalbati da ruwan damina yake bi ya gangara fadama. A bakinsa ne wani tsohon malamin sakandare ya fara ganin karen, wata safiya cikin watan Agusta, yana komawa gida daga masallaci. Da farko ya zaci wani buhu ne ruwa ya kawo, sai da ya matso ya ga buhun yana numfashi. Gashin kunnuwansa da na gwiwoyinsa ya zube, fatar ta yi kaushi kamar ɓawon itace, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, kaska kuma ta yi layi a gefen idanunsa. Wasu yara da ke kan hanyar makarantar allo sun jefe shi sau biyu. Bai gudu ba, bai yi haushi ba, kansa kawai ya kawar.

Malam ya shekara 35 yana koyar da ilmin sinadarai kafin ya yi ritaya, kuma bai taɓa riƙon kare ba. Ya tashi kamar yadda yawancin 'ya'yan Hausawa suke tashi, inda kare abin zagi ne da abin kora, wanda idan ya shinshina kwano sai a yi ta salati. Abin da ya yi a safiyar nan bai wuce ya kori yaran, ya shiga gida ya ɗebo ruwa a wani tsohon gwangwanin madara ya ajiye nesa da shi ba. Washegari ya ƙara da guntun tuwon da ya kwana. A rana ta huɗu, da ya juya zai tafi, sai ya ji motsi a bayansa. Karen ne yake biye da shi, yana ɗingishi, yana tsayawa bayan kowane taku goma, har ya iso ƙofar gidan ya kwanta a gindin darbejiya.

Hajiya, matar Malam, ta leƙo ta gan shi, ta ce, “Malam, wannan baƙon naka fa? In ya ciji jikokinka, me za ka gaya wa iyayensu?”

Tambayar tata tana kan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke ɗaukarsa. Kusan huɗu cikin kowane goma na waɗanda yake kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, domin su ne suke tsokanar kare, su ne kuma suke ɓoye cizo don gudun duka. Da zarar alamominsa sun bayyana, kusan babu mai tashi. Amma cuta ce da rigakafinta ya daɗe a hannu: tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allurar farko a Faransa, a Nijeriya kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa allurar karnuka. Wanda kare ya ciza, abin da ake so shi ne ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan ya garzaya asibiti a ranar.

Malam ya san wannan, saboda haka ya hana kowa kusantar karen, ya shiga neman yadda zai kai shi wurin likitan dabbobi. Masu Keke Napep uku suka ƙi ɗaukarsa. A ƙarshe wani mai akori-kura da ke dakon yashi ya yarda, da sharaɗin a shimfiɗa buhu, kuma kada a ce masa ya kama.

Abin da wuyansa ya faɗa

Likitar matashiya ce, ba ta wuce sa'ar 'yar autansa ba. Ta sa wa karen takunkumi, ta duba shi tun daga kai har jela, tana yi tana bayani. Babban kare yana da haƙora 42. Na wannan da dama sun fita, waɗanda suka rage sun cinye har kusa da dasashi. Bakinsa ya yi furfura. Idanunsa biyu sun yi wani hazo mai shuɗi-shuɗi, wanda ta ce tsufa ne kawai yake kawo shi kuma ba ya hana gani sosai, amma a na hagu akwai farar yana ta gaske, ya riga ya makance. Ta ƙiyasta shekarunsa tsakanin 10 da 12.

Malam ya fara lissafin da kowa ya sani, na ninka shekarun kare sau bakwai. Likitar ta ce wannan lissafi an daina dogaro da shi, domin kare yana girma da sauri a farkon rayuwarsa, sannan tsufan ya rage gudu. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2020, wanda ya duba alamomin tsufa a ƙwayoyin gadon karnuka sama da ɗari, ya kwatanta kare ɗan shekara ɗaya da mutum ɗan kimanin shekara 30, ɗan shekara huɗu da mai 50 da 'yan kai, ɗan shekara 12 kuma da mai kimanin 70. Malam ya yi shiru, ya ce, “Ashe sa'ana ne.”

Daga nan ta buɗe gashin wuyansa ta nuna masa wani tabo da ya zagaye wuyan kamar zobe, fari fat, ba gashi. Ta ce, “Baba, wannan aikin sarƙa ne, kuma ta shekaru. Karen nan ba a titi ya girma ba.” Karen da aka haifa a bola ba kasafai yake ganin furfura ba, yunwa, mota, cuta ko guba sukan riga tsufa isa gare shi. Idan aka ga tsohon kare yana gararamba, mafi yawanci wani ne ya ci moriyarsa. An ɗaure shi a ƙofar gida ko gareji ko gona, ya yi haushi dare da rana shekara da shekaru, da idonsa ya dushe, ƙafarsa ta gaza, ƙazuwa ta kama shi, sai aka kwance sarƙar aka nemo kwikwiyo.

Hausawa ba su taɓa rasa sanin amfanin kare ba. Maharbi yana ji da karensa, makiyayi ba ya shiga daji ba tare da nasa ba, kuma da suka ce karen bana shi ke maganin zomon bana, yabon ƙwazonsa suka yi. Sai dai karin maganar yana ɗauke da wani hukunci a cikinsa, domin bai ce komai game da karen bara ba. Matsayin kare a wurinmu gaba ɗaya a kan aiki yake tsaye. Ana ciyar da shi don ya yi gadi, ana jure warinsa don ya kama zomo. Ranar da aikin ya ƙare, babu wata al'ada da aka tanada ta abin da za a yi da shi. Tsohon sa akan sayar wa mahauta, tsohon doki na sarki akan bar shi a barga saboda darajar mai shi. Tsohon kare kuwa ƙofa kawai ake buɗe masa.

Gwajin jini ya nuna cutar da kaska take sa wa karnuka, mai cinye jini har dasashi ya yi fari. Aka rubuta masa doxycycline na mako huɗu, aka fara yi masa allurar ivermectin saboda ƙazuwa, aka ba shi maganin tsutsar ciki, aka ce za a yi masa rigakafin hauka idan ya ɗan farfaɗo. Likitar ta gargaɗi Malam cewa cutar hauka tana iya ɓuya a jikin kare wata biyu ko uku, wani lokaci fiye, kafin ta nuna kanta, don haka a killace shi, kada yara su taɓa shi, kuma duk sauyin hali a kira ta. Ta ƙara da cewa ƙazuwar tana iya sa mutum ƙaiƙayi na ɗan lokaci, a riƙa sa safar hannu. Da ta zo cike kati ta tambayi sunansa. Malam ya dubi ɗan gashin da ya rage masa, baƙi ƙirin, ya ce a rubuta Duna.

Tsakanin zaure da masallaci

A bayan gidan akwai 'yar garka da Hajiya take shuka alayyafo da yakuwa. Nan Malam ya sa aka kafa rumfar kwano, aka kewaye ta da waya, nesa da ɗakuna da madafa. Wannan ya kwantar wa Hajiya da hankali a kan jikoki, amma bai taɓa babbar damuwarta ba, wadda ta faɗa a fili: mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, kuma ladan mai riƙonsa yana raguwa kullum. Malam ma abin yana cinsa. Wata rana bayan sallar La'asar ya tsaya ya tambayi liman.

Liman ya fara da maganar najasa. Ya ce a mazhabar Malikiyya, wadda a kanta malaman ƙasar nan suka yi karatu tun ƙarnoni, duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare da yawunsa. Wanke kwanon da ya yi lallagi a ciki sau bakwai umarni ne da ake bi don bauta, kuma an ruwaito Imamu Malik yana mamakin yadda za a ci abin da kare ya kamo da bakinsa sannan a ƙyamaci yawun bakin. Shafi'iyya da Hanbaliyya su ne suka ɗauke shi najasa. Game da riƙo kuwa, hadisi ya keɓe karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da dama kuma suka haɗa da na gadin gida. Ya kawo labarin da masu sharhi suke bayarwa na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risala, wanda katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, da aka yi masa magana ya ba da amsar cewa da Malik ya riski zamaninsu, abin da ya fi kare ma zai ajiye.

Malam ya ce, “Allah gafarta Malam, ai nan ne matsalar. Wannan ba ya farauta, ba ya kiwo, ko ɓarawo ya tsallake shi ba zai gani ba.”

Liman ya yi murmushi, ya tuna masa hadisin da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, na matafiyin da ƙishirwa ta kama, ya shiga rijiya ya sha, ya fito ya tarar da kare yana haki yana lasar danshin ƙasa, ya koma ya cika huffinsa ya riƙe da baki ya hauro ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. Ya ce a lura, ruwayar ba ta ce karen na farauta ne ko na kiwo ba, ba ta ma ce yana da mai shi ba. Ƙishirwarsa kaɗai ta ambata. A ganinsa, iyakar da aka sa an sa ta ne ga mai ajiye kare don sha'awa, shi kuwa Malam jinya yake yi, kuma tunda ya ware shi daga ɗakunan kwana da wurin salla, ya ci gaba, Allah Ya san niyyarsa. Ya ƙara da cewa akwai malaman da za su tsananta fiye da haka, bai ɓoye masa ba.

Malam ya dawo gida da wannan. Ya lura da wani abu da bai taɓa lura da shi ba a duk shekarun da ya yi yana jin waɗannan hadisai: izinin riƙon kare an rataya shi a kan amfaninsa, amma tausaya masa ba a rataya ta a kan komai ba. Mu ne muka haɗe biyun, muka mai da abinci da ruwa albashi, wanda yake tsayawa ranar da aiki ya tsaya.

Rabin ƙwaya

Zuwa watan Nuwamba gashi ya fara tsirowa, Duna ya yi ƙiba, ya koyi takun Malam, yana kaɗa jela tun kafin a buɗe ƙofar garka. Da hunturu ya kankama sai ɗingishin ya dawo da ƙarfi. Guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin tsohon kare yakan cinye, ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, sanyi kuma ya ƙara sandarar da wurin. Wata asuba Duna ya yi yunƙuri uku bai tashi ba, yana wani kuka ƙasa-ƙasa. Malam ya san wannan ciwo, domin gwiwarsa ta dama haka take yi masa, kuma yana da diclofenac a aljihu. Ya raba ƙwaya biyu, ya tura rabi cikin lomar tuwo. Da yamma karen ya miƙe ya zagaya garka, Malam ya ji daɗi, ya ci gaba da ba shi kwana biyar.

A kwana na shida Duna ya ƙi abinci, ya yi amai, kashinsa ya fito baƙi kamar kwalta. Likitar da ta ji abin da aka ba shi ba ta yi faɗa ba, bayani ta yi, kuma Malam, da yake malamin sinadarai ne, ya gane tun kafin ta ƙarasa. Magunguna irin su diclofenac da ibuprofen suna kashe raɗaɗi ne ta hanyar hana jiki haɗa wasu sinadarai masu jawo kumburi, amma waɗannan sinadarai su ne kuma suke kare bangon ciki, su ne suke buɗe hanyar jini zuwa ƙoda. Jikin kare ba ya jure su kamar na mutum. Abin da ke sauƙaƙa wa dattijo gwiwa yana iya huda cikin kare ya ƙona masa ƙoda. Baƙin kashin nan jini ne.

Wannan magani yana da tarihi da dabbobi. A shekarun 1990 ungulu suka riƙa mutuwa a Indiya da Pakistan, har wasu nau'o'insu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. A 2004 aka gano dalili: diclofenac da ake yi wa shanu, wanda ungulu suke ci a mushe, ƙodarsu ta lalace. Indiya ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Kafin nan mushen da ungulu suka bari ya zama abincin karnukan titi, suka yawaita, cizo ya yawaita tare da su. Malam ya taɓa karanta wannan labari a wata mujalla shekarun baya, ya ma ba ɗalibansa misali da shi. Bai tuna da shi ba a asubar da ya raba ƙwayar.

Duna ya kwana uku ana yi masa ƙarin ruwa, ya tashi. Amma gwajin da aka sake ya nuna ƙodarsa ta samu rauni. Likitar ta ce ba za a iya ɗora laifin duka a kan ƙwayar ba, domin ƙoda ba ta nuna gazawarta a jini sai kusan kashi uku cikin huɗu na aikinta ya tafi, kuma shekaru da cutar kaska sun riga sun ci nasu. Ƙwayar ta tura abin da yake bakin rami ne. Malam bai karɓi wannan sassauci gaba ɗaya ba. Har yau idan ya ba da labarin yakan ce yaran da suka jefe shi da dutse ba su yi masa rabin abin da shi ya yi masa da tausayi ba.

Jinya

Daga nan jinyar ta zama aikin kullum. Ƙodar da ta gaza ba ta iya riƙe ruwa, don haka karen yakan sha da yawa ya yi fitsari da yawa, kuma hana shi ruwa ko na rabin yini yana iya kashe shi. Kare mai nauyin kilo 18 kamar Duna, lita ɗaya ta ishe shi a yini. Malam ya riƙa aunawa da ledar fiya-wata, ya ga yana shan huɗu, wato lita biyu. Ragowar abincin gida ma aka daina ba shi, saboda miyarmu ba ta rabuwa da albasa da gishiri da dunƙule, albasa kuwa, ɗanya ko dafaffiya, tana fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Aka koma dafa masa nasa daban: shinkafa, dankalin Hausa, kabewa, farin ƙwai da ɗan nama kaɗan, ba ƙashi, domin a rage wa ƙoda nauyin sinadarin fosfaras.

Ciwon gaɓoɓin ya zama mai wuyar sha'ani, tunda ko magungunan da aka yi don karnuka, irin su meloxicam, daga dangi ɗaya suke da wanda ya ɓata ƙodar. Sai aka koma ga dabaru. Malam ya yanka tsohuwar katifa ya shimfiɗa masa a kan katako don kada sanyin ƙasa ya shige shi, ya kewaye rumfar da buhuna saboda iskar hunturu, yana gasa masa kwatangwalo da tsumma mai ɗumi, yana zagayawa da shi a hankali safe da yamma don kada gaɓoɓin su sandare. Ya daina matsar da kwanon ruwa daga inda yake, saboda kare mai ido ɗaya da ƙwaƙwalwa yake tafiya. Da bazara ta zo matsalar ta juye, domin kare ba ya gumi sai ta tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi, don haka a Maris da Afrilu sai an jiƙa buhu an shimfiɗa masa da rana. Likitar ta koya wa Malam yadda ake ɗaga fatar bayan wuya a sa ruwa a ƙarƙashinta da allura, sau biyu a mako.

Hajiya ba ta taɓa taɓa shi ba har ƙarshe. Amma ranar da Malam ya tafi Kaduna tantance 'yan fansho, ya kwana biyu a layi tare da tsofaffin abokan aikinsa, wasu da sanda, wasu jikoki ne suka riƙo su, da ya dawo ya tarar an dafa kabewar an zuba, an sauya ruwa. Ya yi mata godiya, ta ce, “Ni ba don shi na yi ba. Kada a tambaye ni ne ranar gobe.”

Maganar kuɗi ita ce ta fi zafi. Wani maƙwabci ya tare shi a ƙofar gida ya ce, “Malam, almajirai na yawo da kwano babu komai, kai kana dafa wa kare ƙwai?” Malam bai ɗauki maganar da wasa ba, domin akwai gaskiya a cikinta, kuma a wasu watanni jinyar tana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na fanshonsa. Abin da ya yi shi ne ya tabbatar ba a rage ko ƙwayar hatsi daga abin da ake ba almajiran gidan da 'yan uwa ba. Daga man mota da jarida da goronsa ya cire. Ya kuma sa wa kansa iyaka. Da aka ambaci hoton ƙashi da wasu gwaje-gwaje masu tsada, ya tambayi likitar ko sakamakonsu zai sauya maganin, ta ce da wuya, ya ce a bar su. Abin da bai gaya wa maƙwabcin ba, sai Hajiya, shi ne shekarar da ya sauya mota babu wanda ya tuna masa da almajirai.

Rajista

Duna ya ga damina ta biyu cikin ɗan sauƙi. A ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, aka sake yi masa rigakafi, Malam kuma ya lallashi masu karnuka uku a unguwar suka kai nasu, bayan ya bayyana musu cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Da hunturu ya sake zagayowa sai jikin ya fara zubewa. Abinci ya ragu, amai ya ƙaru, numfashinsa ya soma warin fitsari, alamar dattin da ƙoda ta kasa fitarwa ya taru a jini.

Likitar ta ba shi shawarar ya riƙa rubuta kowace rana, mai kyau ce ko maras kyau, domin mai jinya idonsa yakan saba da wahalar majinyaci har ya daina ganinta. Malam ya ɗauko wata tsohuwar rajistar aji da ta rage masa. Ranar da Duna ya ci, ya tashi da kansa, ya kaɗa jela, sai ya sa alamar halarta; ranar da bai yi ba, ya sa sifili. A Disamba sifili takwas ne. A makonni ukun farko na Janairu, goma sha biyar.

Ya koma wurin liman da tambayar da ya daɗe yana gudu. Liman ya ce malaman Malikiyya sun yi magana a kai, kuma a Muhtasar na Halilu da sharhohinsa an halatta a hutar da dabbar da ba a cin namanta idan an ɗebe ƙauna da rayuwarta, don a sauƙaƙa mata. Hukuncin mutum daban ne, ya jaddada, kada a haɗa. Malam ya ƙara kwana biyu yana fatan ko za a samu alamar halarta guda. A rana ta uku Duna ya kasa ɗaga kai ya sha ruwan da ke gabansa, Malam ya kira likitar.

Ta zo da hantsi. Ta bayyana masa cewa allurar maganin barci ce mai yawa, zai yi barci kafin zuciyarsa ta tsaya, ba zai ji komai ba. Ta ce yana iya shiga gida idan ba zai iya kallo ba. Ya ce, “'Yata, kare ne da aka taɓa buɗe wa ƙofa aka juya masa baya. Bari in zauna.” Ya durƙusa a kan gwiwarsa mai ciwo, ta ɓangaren idon da yake gani, ya ɗora hannu a kan tabon sarƙar. Abin bai kai minti biyu ba.

Shi da wani almajirin gidan suka haƙa rami mai zurfi a ƙarshen garka, suka rufe shi, suka ɗora duwatsu. Duna ya yi wata 17 a gidan, kuma a tsawon wannan lokaci sau ɗaya tak aka ji ya yi haushi, wata rana da akuyar maƙwabta ta shigo cin alayyafon Hajiya. Akuyar ko kallonsa ba ta yi ba.

Malam bai nemi wani kare ba, ya ce shekarunsa da aljihunsa ba za su ɗauka ba. Rumfar ta zama wurin ajiye fartanya da buhunan taki. Tsohon gwangwanin madarar ne kawai ya mayar bakin kwalbati, yana cika shi idan ya dawo daga sallar Asuba. Yaran makarantar allo sun saba da ganinsa, har wani lokaci idan gwiwar ta hana shi fitowa, ɗayansu yakan ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, “Baba, gwangwanin ya bushe, a ba ni ruwan in kai.”